“Ai gado ne”: abin da tafiyar asuba ke rubutawa a jikin mai ƙiba

Ranar da Yaya ta faɗi, tana tsakar tuƙa tuwon sayarwa ne. Muciya ta suɓuce mata, bakinta ya karkace gefe guda, ta so ta kira jikarta amma magana ta ƙi fita. Shekarunta 56. Kafin mu samu mota daga Aboabo mu kai ta asibiti, hannun dama da ƙafar dama sun riga sun saki. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hawan jini ne ya daɗe yana cin jijiyoyinta a ɓoye, har wata ta toshe a ƙwaƙwalwa.

Masu zuwa dubiya kusan bakinsu ɗaya: “Ai gado ne. Haka mahaifiyarku ta yi.” Ba su yi ƙarya ba, wannan ciwon ne ya yi ajalin Inna. Ina zaune a benci a bakin ɗakin jinya, tumbina ya sauko bisa cinya, sai wata nas ta tsaya ta dube ni ta ce, “Alhaji, kai ma kawo hannunka mu gani.” Awon ya nuna 162 bisa 100. Ta ɗora ni a sikeli, kilo 106. Ta zagaya cibiyata da tef irin na tela, santimita 112. Ta ce in ga likita kafin in bar asibitin.

Na koma gida da ƙwayoyin hawan jini a aljihu, kalmar nan “gado” kuma tana yi mini yawo a kai. Na ɗauke ta kamar hukuncin alƙali: Inna ta tafi, Yaya na kwance, saura ni. Na yi wannan rubutu ne domin masu irin tunanin da na yi a ranar, don na gano daga baya cewa rabin labarin kawai na sani.

Jini ɗaya, zama daban

Kakanmu falke ne. Da ƙafa ya riƙa bin ayari daga ƙasar Hausa zuwa Salaga, daga baya har Kumasi, yana saro goro. Waɗanda suka san shi sun ce har ya tsufa jikinsa kamar sanda yake. Babanmu a mota ya yi nasa fataucin. Ni kuwa a kujera nake nawa: waya a hannu, littafin lissafi a gaba, yaro ya kawo mini koko da ƙosai da safe, wake da shinkafa da taliya da ƙwai da rana, dare kuma tuwo ko sakwara, a bi da lemon kwalba mai sanyi. In zan je masallacin da ke bayan layinmu ma, wani lokacin babur nake hawa. Jinin falken nan ne a jikina, amma ƙafafunsa ban gada ba.

Wannan ba labarin gidanmu kaɗai ba ne. Tsakanin 2012 da 2015 an yi wani babban bincike mai suna RODAM a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Charles Agyemang na jami’ar Amsterdam. An auna ’yan Ghana kusan 6,000: wasu a ƙauyukan Ashanti, wasu a Kumasi da Obuasi, wasu kuma waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amsterdam da Berlin da Landan. Asali ɗaya, wurin zama daban. A ƙauye, matan da ke da ƙiba mai yawa ba su wuce kashi 8 cikin 100 ba. A biranen Ghana sun kai wajen kashi 34. A Landan sun haura kashi 50. Maza kuwa daga kusan kashi 1 a ƙauye suka tashi zuwa kashi 21 a Landan. Ƙwayoyin gado ba sa sauyawa don mutum ya hau mota ya shigo birni ko ya hau jirgi ya tafi Turai. Abinci da zama ne suka sauya, jiki kuma ya bi su.

Makonni shida, kilo ɗaya

Likita ya ce in sha magani kullum, in rage gishiri da shuga, in riƙa tafiya. Na fara. Bayan sallar asuba in ɗaura takalmi in miƙe daga Aboabo zuwa shataletalen filin jirgi in dawo. Makon farko kamar zan mutu. Abokai a bakin shago suna ta tsiya: “Alhaji, an sace babur ɗin ne?” Wata tsohuwa ma ta tare ni da tausayi, wai ko kasuwa ce ta karye. Ka san a zango mai tumbi shi ne mai rufin asiri, mace in ta yi jiki sai a ce miji ya iya kiwo, wanda ya rame kuwa sai a fara raɗa.

Na daure har makonni shida, na hau sikeli. Kilo ɗaya tak na rage. Wallahi a ranar na jefa takalmin ƙarƙashin gado na ce, ashe da gaske gado ne.

’Yar Yaya ta biyu tana karatun kimiyyar lafiya a jami’ar KNUST, ita ce ke zuwa ƙarshen mako tana motsa wa mahaifiyarta hannu da ƙafa. Da ta ji na daina, sai ta same ni a zaure ta gaishe ni, ta ce, “Kawu, yaushe rabonka da auna jini?” Na ce tun wancan watan. Ta ɗauko na’urar mahaifiyarta ta ɗaura mini. 144 bisa 90. Na ce ai magani ne. Ta ce, “Magani ya yi nasa, Kawu, amma tafiyar ma tana nata. Sikeli nauyi kawai yake gani. Abin da ke faruwa a cikin jijiya ba ya ganinsa.”

Daga nan ta ɗauko takarda ta yi mini wani bayani da ya sa na shafe watanni ina karatu da tambaya.

Babbaƙu da farfaru

Ta rubuta baƙaƙe uku da ajami ba wasali, ta ce in karanta. Na ce ai ba ya karantuwa sai an yi masa farfaru. Ta sa wasali ƙasa, ya zama “gida”. Ta goge ta sa rufu’a, ya zama “guda”. Ta sa wasali bisa, ya zama “gada”. Ta ce, “To ka gani, Kawu, baƙaƙen ba su motsa ba. Wasali ne ya sauya, ma’ana ta bi shi.”

Haka jikin ɗan Adam yake. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai wani dogon zare da ake kira DNA, wanda in da za a warware shi zai kai mita 2. A kansa aka jera haruffa kusan biliyan 3, a cikinsu akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000. Waɗannan su ne babbaƙun da muka karɓa daga uwa da uba, tafiya ba ta sauya su, abinci ma haka. Sai dai jiki ba ya karanta su duka a lokaci guda. Akwai wasu ƙananan alamomi da ke hawa kan zaren suna nuna wace ƙwayar gado za a karanta da ƙarfi, wacce za a yi shiru da ita. Da haka ne ƙwayar halittar ido ta bambanta da ta hanta, alhali rubutu ɗaya ne a cikinsu.

Ilimin waɗannan alamomi shi ake kira efijenetik, sunan da wani masani ɗan Ingila, Conrad Waddington, ya ƙirƙiro a 1942. Ni dai wasalin gado nake ce masa. Alamar da aka fi nazari ita ce wani ɗan sinadari mai suna metil. Idan ya taru a ƙofar wata ƙwayar gado, galibi yakan sa ta yi shiru, kamar an sa wa baƙi ɗauri. In ya ragu sai ƙofar ta buɗe. Akwai kuma yadda zaren ke naɗe a jikin wasu sunadarai kamar zare a ƙwarƙwaro: inda naɗin ya yi tsauri ba a iya karantawa, inda ya sassauta ana iyawa. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, wani ɓangare na wannan wasalin yana gogewa yana sake rubutuwa gwargwadon yadda mutum ke rayuwa.

Ƙiba na rubuta nata

Tambayar farko da na yi ita ce: wasalin ne ke jawo ƙiba, ko ƙibar ce ke sauya wasalin? A 2017 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike da aka yi da jinin mutane fiye da 10,000. An gano wurare 187 a zaren gado inda alamar metil ke tafiya tare da nauyin jiki. Da masu binciken suka bi diddigi, sai suka ga a mafi yawan wuraren ƙibar ce ta fara zuwa, sannan alamar ta sauya. Yawancin ƙwayoyin gadon da abin ya taɓa suna da hannu a sarrafa maiƙo a jini da kuma kumburin ɓoye. Sun kuma ga cewa masu irin wannan sauyi sun fi saurin kamuwa da ciwon suga nan gaba.

Kada wani ya ce ai wannan jinin Turawa ne da Indiyawa. Masu binciken RODAM ma sun duba jinin ’yan Ghana fiye da 500, suka buga sakamakon a 2017. Cikin wuraren da suka ga bambanci tsakanin masu ƙiba da marasa ita har da wata ƙwayar gado mai suna CPT1A, wadda aikinta shi ne shigar da kitse cikin ɗan murhun da ke cikin ƙwayar halitta don a ƙona shi. Wato tumbin nan da nake ɗauke da shi ba a banza yake zaune ba, yana taɓa yadda jikina ke karanta abin da na gada.

Jijiya ba tiyo ba ce

A da na ɗauka jijiyar jini kamar tiyon ruwa take, in datti ya taru ta toshe. Ashe abu ne mai rai. Cikin kowace jijiya a shimfiɗe yake da wata fata mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak, wadda likitoci ke kira endotiliyom. Wannan shimfiɗa tana fitar da wata iska mai suna naitirik oksaid. Ita ce ke gaya wa naman da ya kewaye jijiyar ya saki jiki, sai hanya ta buɗe, jini ya wuce ba da ƙarfi ba. Ita ce kuma ke hana jini daskarewa da manne wa bango. Gano wannan ne ya sa aka ba masana uku na Amurka, Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad, kyautar Nobel a 1998.

Kitsen ciki, wanda ke kewaye da hanji da hanta, shi ne babban abokin gabar wannan shimfiɗa. Yana zuba wasu sinadarai a jini da ke tayar da kumburin ɓoye, wanda ba a gani ba a ji. Yana sa jiki ya daina jin maganar insulin, sai suga ya riƙa yawo a jini. Iskar nan mai buɗe hanya ta ragu, jijiya ta yi tauri, jini ya hau. Bango in ya ƙuje, maiƙo sai ya samu wurin maƙalewa. Shekaru ake yi ana wannan ɓarna kafin ranar da muciya za ta faɗi daga hannu. Shi ya sa awon ƙugu ya fi sikeli faɗin gaskiya: ma’aunin da ake amfani da shi ga mutanen yankinmu shi ne, namiji ya kula in ya kai santimita 94, mace in ta kai 80.

To ina tafiya ta shigo? Idan mutum ya yi sauri, zuciya ta ƙara bugu, jini na gudu yana shafar shimfiɗar nan da ƙarfi. Ƙwayoyin halittar wurin suna jin wannan shafa, sai su ƙara kunna ƙwayar gadon da ke haɗa naitirik oksaid. A gwajin da aka yi da ɓeraye da kuma ƙwayoyin halitta a ɗakin bincike, an ga cewa inda jini ke tafiya a hargitse, kamar a mararrabar jijiyoyi, alamar metil na sauyawa ta rufe wasu ƙwayoyin gado masu kare bango. Ko a kwatar unguwa ma ai mun san inda ruwa ke gudu da inda yake kwanciya ba ɗaya ba ne.

A jikin mutane kuwa, likitoci a Leipzig ta Jamus sun nuna a 2000 cewa makonni 4 na motsa jiki sun gyara yadda jijiyoyin zuciya ke buɗewa a jikin masu ciwon zuciya. Wanda ya fi taɓa ni shi ne binciken da aka yi a Perth ta Ostireliya a 2004. An sa matasa masu ƙiba atisaye na makonni 8. Nauyinsu a sikeli bai sauya ba, amma kitsen cikinsu ya ragu, jijiyoyinsu kuma suka koma buɗewa kamar na tsaransu marasa ƙiba. Da na karanta wannan sai na tuna da takalmina a ƙarƙashin gado. Na jefar da shi ne a daidai lokacin da ya fara aiki.

Abin da gumi ke gogewa

A 2012 masana a cibiyar Karolinska da ke Suwidin suka sa mutanen da ba su saba motsa jiki ba suka tuƙa keken atisaye, suka ɗebi ɗan tsokar cinyarsu kafin da bayan tuƙin. A zama ɗaya kacal, alamar metil ta ragu a ƙofar wasu ƙwayoyin gado masu kula da ƙona suga da kitse, suka kuma ƙara aiki. Sauyin ya fi bayyana ga tuƙi mai ƙarfi, kuma na ɗan lokaci ne, bayan sa’o’i yakan koma. Wannan ya nuna dalilin da ya sa atisayen rana ɗaya a wata ba ya tsinana komai, sai an maimaita.

Don a tabbatar motsin ne ke yin aikin, ba abinci ko barci ba, a 2014 aka sake wata dabara a cibiyar. Matasa 23 suka yi wata 3 suna atisaye da ƙafa ɗaya kawai, ɗayar tana hutawa. Mutum ɗaya, abinci ɗaya, gado ɗaya. A ƙarshe aka ga wurare kusan 5,000 sun sauya alama a ƙafar da ta yi aiki, ɗayar kuwa ba a ga irin wannan ba.

Kitsen ma bai tsira ba. A jami’ar Lund, ita ma a Suwidin, an bi maza 23 da ba su saba motsa jiki ba har wata 6 suna atisaye. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna alamomi sun sauya a ƙwayoyin gado fiye da 7,000 a cikin kitsensu, har da waɗanda aka san suna da alaƙa da ƙiba da ciwon suga. Sauyin kowane wuri ƙarami ne, amma wuraren da yawa suke.

Kitse ba ya mantuwa

Na ciro takalmi na ci gaba. Na daina lemon kwalba, na raba tuwon dare biyu, na ce a rage dunƙulen magi a miya, kokon safe kuma ba shuga. Cikin shekara ɗaya na sauke kilo 10, ƙugu ya koma 101, awon jini yana wasa a wajen 130 bisa 84, tare da magani. Sai na saki jiki. Damina ta sauka, Babbar Sallah ta zo da soyayyen nama, na ce bari in huta. Wata biyu kawai na yi, kilo 4 suka dawo kamar suna jira a bakin ƙofa.

Na ji kunya, na ɗauka ragwantakata ce kawai. Akwai ragwantaka, ban musa ba, amma akwai wani abu kuma. A ƙarshen 2024 masana a Zurich ta Suwizalan suka buga bincike a Nature. Sun duba kitsen mutanen da aka yi wa tiyatar rage tumbi, shekara 2 bayan sun sauke nauyi mai yawa. Suka tarar ƙwayoyin kitsen har lokacin suna karanta gadonsu ba kamar na wanda bai taɓa ƙiba ba. A jikin ɓeraye kuma suka ga alamomin zamanin ƙiba suna nan daram bayan ramewa, kuma da aka sake ba su abinci mai maiƙo sun fi sauran saurin kumbura. Ƙwayar kitse takan yi kimanin shekara 10 a jikin mutum kafin wata ta maye gurbinta. Kamar tsohon allo ne: ka wanke shi tas, amma in ka karkata shi ga haske za ka ga gurbin tsohon rubutu.

Darasi biyu na ɗauka. Na farko, wanda nauyinsa ya dawo ba abin dariya ba ne, jikinsa ne ke ja da baya, aikinsa kuma ya fi na wanda bai taɓa ƙiba ba wuya. Na biyu, wannan harka ba irin maganin zazzaɓi ba ce da ake sha kwana uku a ajiye. Kuma hana yaro yin ƙiba tun farko ya fi sauke ta daga baya sauƙi nesa ba kusa ba.

Tun daga ciki

Wani wasalin tun mutum na cikin mahaifiyarsa ake sa shi, irin wannan kuwa yakan daɗe. A lokacin sanyin 1944 zuwa 1945, ana ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, an yi mummunar yunwa a yammacin Holan. ’Ya’yan da aka ɗauki cikinsu a lokacin sun taso sun fi saura yawan ƙiba da ciwon zuciya. A 2008 aka gwada jininsu, suna da shekaru wajen 60, aka tarar alamar metil a wata ƙwayar gado mai kula da girma ta bambanta da ta ’yan’uwansu uwa ɗaya uba ɗaya da ba a yi cikinsu a yunwar ba. Nan kusa da mu, a ƙauyukan Gambiya, binciken 2014 ya nuna jariran da aka ɗauki cikinsu da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa abinci ya sauya, alamominsu sun bambanta da na ’yan rani.

Maza ma ba su fita ba. A Denmak, a 2016, an ga alamomin da ke cikin maniyyin maza masu ƙiba sun bambanta da na marasa ita, kuma sun sauya bayan an yi wa wasu tiyatar rage tumbi. Binciken bai bi har kan ’ya’yansu ba, don haka kada a ɗora masa abin da bai faɗa ba. Amma ya ishe mu mu gane cewa abincin mai ciki da lafiyar ango da amarya ba ƙaramin abu ba ne. Masu ɗura wa ’yan mata ƙwayoyin sa ƙiba kafin biki su sani, wasu daga cikin ƙwayoyin nan suna tayar da hawan jini da suga.

Inda maganar ta tsaya

Kada a ji wannan bayani a ɗauka tafiya na warkar da komai. Babbaƙun na nan. Wanda iyayensa ke da hawan jini haɗarinsa ya fi na wani, ko da ya rame. A Amurka an bi masu ciwon suga da ƙiba fiye da 5,000 kusan shekara 10 a wani bincike mai suna Look AHEAD. Waɗanda aka sa rage nauyi sun samu sauƙin suga da ƙarfin jiki, amma a jimlace bugun zuciya da shanyewar jiki ba su ragu a cikinsu fiye da sauran ba. Da aka sake duba alƙaluman, waɗanda suka sauke kashi 10 cikin 100 na nauyinsu ko fiye a shekarar farko su ne haɗarinsu ya ragu da kusan kashi 20. A wani binciken kuma na 2002, na mutanen da suga ya fara hawa amma bai zama ciwo ba, burin rage kashi 7 na nauyi da tafiyar minti 150 a mako ya rage kamuwa da ciwon da kashi 58. Ma’ana, wanda ya fara da wuri shi ya fi cin riba.

Har yau ina shan maganina, kuma ba zan ajiye shi ba sai likita ya ce. Masu yawo da lasifika a tasha da masu talla a WhatsApp suna sayar da shayin narka tumbi ko maganin wanke jijiya, a yi hattara da su. Duk binciken da na ambata a sama da gumi da rage ci aka yi shi, wasu kuma da tiyata a hannun likitoci. Ba na shayi ko ɗaya.

Abin da ke hannunmu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Minti 30 sau biyar ke nan. Matsakaici shi ne saurin da za ka iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin magi da shito da kifin gwangwani. A ƙiyasi, kowane kilo ɗaya da mai ƙiba ya sauke yana rage awon jininsa na sama da kusan maki ɗaya, to kilo 5 ma ba abin rainawa ba ne.

Ba sai ka biya kuɗin gidan atisaye ba. Sauka daga trotro tasha ɗaya kafin taka. Je masallaci da kasuwa da ƙafa. Mata kan ce ai aikin gida ya ishe su, kuma gaskiya suna wahala, sai dai yawancin aikin na tsaye ne ko na zaune wuri ɗaya, ba ya sa jini gudu. A layinmu yanzu mata huɗu ne ke fita tare bayan asuba da hijabansu, suna zagaya filin makaranta. Mu maza mu daina hana su, mu daina yi musu dariya. Wanda ke jin ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashinsa na yankewa da ɗan motsi, ko awon jininsa ya kai 180 bisa 110, ya ga likita kafin ya fara. Kowa kuma ya auna jininsa ko da yana jin garau, don hawan jini ba ya sallama.

Yaya tana nan da rai, alhamdu lillahi. Magana ta dawo, ko da yake tana ɗan ja. Da yamma nakan riƙe ta ta ɓangaren dama, sanda a hagunta, mu taka daga ƙofar ɗaki zuwa bakin zaure mu dawo. Da farko sau ɗaya muke yi, yanzu muna yin sau shida. Rannan wata maƙwabciya ta leƙo ta sake cewa ai gado ne, sai haƙuri. Yaya ta tsaya ta numfasa, ta nuna ni da haɓa ta ce, “Gado ne, amma wannan ba zai gaje ni ba in Allah Ya yarda. Kai, ja mu je, saura biyu.”

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma Ya ba mu ikon tashi gobe da asuba.